Tsugunno da gudu ne ke cinye gwiwa, ko gaggawa?

Shin tsugunno da ƙarfe a kafaɗa yana lalata gwiwa? Shin gudu a kan kwalta yana cinye guringuntsi, har mutum ya koma yin sallah a kan kujera tun bai tsufa ba? Muhawarar ta yi zafi a Kaduna tun da motsa jiki ya daina zama harkar sojoji da 'yan ƙwallo kaɗai. Da safiyar Asabar Dandalin Murtala kan cika da ma'aikata, 'yan kasuwa, mata, da dattawan da likita ya ce su rage teɓa saboda hawan jini ko ciwon suga. A lungunan Tudun Wada, Rigasa da Kawo kuwa samari ne ke ɗaga ƙarafan da aka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota.

Kowa da abin da ya ji. Wasu na ganin gwiwa tana da adadin lanƙwasar da za ta yi a rayuwa, in ka ƙarar da shi da wuri shi ke nan. Wasu kuma, musamman matasan da ke horar da 'yan uwansu, cewa suke ciwo shi ne shaidar aiki na ci, a daure kawai. Ilimin motsin jiki bai goyi bayan ko ɗaya ba. Abin da ya nuna shi ne gwiwa tana son nauyi, tana ma buƙatarsa, amma tana da saurin da take iya sabawa da shi. Yawancin ciwon da ake ɗora wa tsugunno ko gudu, daga wuce wannan saurin yake fitowa.

Abin da ilimin motsin jiki yake aunawa

Fanni ne da ya haɗa sanin sassan jiki da lissafin ƙarfi: wace tsoka ce ke ja, ta ina take ja, nauyi nawa ke sauka a kan wace gaɓa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai sashen da ke koyar da shi tare da ilimin kiwon lafiya, kuma da shi likitocin gashin ƙashi suke aiki a asibitoci. Wanda ake yi wa kallon uban fannin shi ne Giovanni Borelli, masanin lissafi ɗan Italiya, wanda littafinsa kan motsin dabbobi ya fara fitowa a 1680. Shi ya nuna wani abu da har yau yake ba mutane mamaki, cewa ƙarfin da tsoka ke ja da shi ya ninka nauyin da ake gani a hannu sau da yawa.

Ga lissafin. Jijiyar tsokar damtse tana maƙale da ƙashin hannu wajen santimita 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana wajen santimita 35. In ka riƙe gorar ruwa mai lita 5, wato kilo 5, hannu a lanƙwashe, nisan gorar ya ninka nisan jijiyar sau 7. Dole ke nan tsokar ta ja da ƙarfin kilo 35 kafin gorar ta tsaya wuri ɗaya. Saboda haka wahalar da gaɓa ke sha ba daga nauyi kaɗai take zuwa ba, daga nauyi ne a ninka shi da nisansa da gaɓar. Kowa ya taɓa jin haka a jikinsa: bokitin ruwa da aka rungume a ƙirji da wanda aka riƙe hannu a miƙe, ruwan ɗaya ne, amma kafaɗa da kwankwaso sun san ba ɗaya ba ne. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya fahimci rabin abin da ke faruwa a wurin ɗaga ƙarfe.

Me ke cikin gwiwa

Ƙashin cinya yana zaune a kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma yana gabansu, a cikin jijiyar da ta haɗa manyan tsokoki huɗu na gaban cinya da ƙwauri. Aikin ƙoƙon shi ne nisanta jijiyar daga tsakiyar gaɓa, domin tsoka ta miƙe ƙafa da ƙarfi kaɗan. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, su ke rarraba nauyi. Jijiyoyin ɗauri huɗu ne ke hana gocewa: biyu a gefe da gefe, biyu sun gicciya a tsakiya, ta gaba da ta baya.

Kan ƙasusuwan lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, kaurinsa milimita kaɗan. A nan ne masu tsoron motsi suka fi kuskure. Wannan guringuntsin ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma ruwan ba ya shiga sai an matsa an saki, kamar soson wanka. Gwiwar da aka daɗe ba a ɗora mata nauyi ba, irin ta wanda ya yi makonni a kwance ko a cikin filasta, guringuntsinta sirancewa yake yi. Ƙashi ma haka. Tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da yake ɗauka: a ba shi aiki ya yi kauri, a hana shi ya yi rauni.

Daga ina aka samo "kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa"?

Da wuya ka shiga wurin motsa jiki ba ka ji wannan doka ba. Tsoron zurfafa tsugunno ya samo asali ne daga Amurka. A 1961 wani malami a Jami'ar Texas, Karl Klein, ya wallafa bincike yana cewa tsugunno har ƙasa yana sassauta jijiyoyin ɗaurin gwiwa. Ya auna sassaucin ne da wata na'ura da shi ya ƙera. Maganar ta bazu a makarantu da wuraren horo, ta zama doka. Masu binciken da suka biyo baya da ingantattun kayan awo ba su ga wannan sassaucin ba, amma dokar ta riga ta kama bakin mutane.

A 2003 Andrew Fry da abokan aikinsa a Jami'ar Memphis suka gwada dokar yatsun ƙafa kai tsaye. Sun sa masu ɗaga ƙarfe su tsugunna sau biyu: sau ɗaya yadda suka saba, sau ɗaya kuma da katako a gaban ƙafa da ke hana gwiwa wucewa. Da katakon, aikin da ke kan gwiwa ya ragu da wajen kashi 22 cikin 100. Amma wanda ke kan ƙugu ya ninka kusan sau 10, domin mutanen sai da suka sunkuyar da ƙirji gaba sosai don kada su faɗi ta baya.

Dalilin shi ne ƙa'idar nisa da muka gani. Lokacin tsugunno, nauyin jiki da na ƙarfe yana sauka ne a kan tsakiyar tafin ƙafa, in ba haka ba mutum ya faɗi. Gwiwa tana gaba da wannan layin, ƙugu yana bayansa. In ka ja gwiwa baya, dole ƙugu ya ƙara yin baya. Nauyin bai je ko'ina ba, an dai ɗauke shi daga gwiwa an ɗora wa kwankwaso. Ga mai ciwon ƙoƙon gwiwa wannan dabara ce mai amfani na ɗan lokaci. Ga mai ciwon baya kuwa ƙarin wahala ce. Mai dogon ƙashin cinya ma ba zai iya tsugunnawa ba tare da gwiwarsa ta wuce yatsu ba, halittarsa ce haka, kuma tilasta masa bin dokar zalunci ne ga bayansa.

A ƙasar Hausa ma maganar ba ta buƙatar dogon musu. Mai alwala a tsugunne, mai wanke-wanke, mai amfani da masai na tsugunno, mai tashi daga sujada zuwa tsayuwa, mai saukowa daga bene, duk gwiwarsu tana wuce yatsu kullum. In tsugunno ya kai ƙarshe, cinya tana kwanciya a kan sha-raɓa, naman biyu ya ɗauki wani kaso na nauyin. Wurin da ƙoƙon gwiwa ya fi matsuwa shi ne wajen tsakiyar hanya, lokacin da cinya ke kusan daidaita da ƙasa. Shi ya sa mai ciwon ƙoƙon gwiwa yakan ji zafi yayin tashi daga kujera ko saukar bene fiye da lokacin da ya zauna a tsugunne.

Inda masu tsoron suke da gaskiya

Ba a banza tsoron ya daɗe ba. Bincike a ƙasashe da dama ya alaƙanta aikin da ke sa mutum durƙuso ko tsugunno na sa'o'i kullum, shekara da shekaru, musamman haɗe da ɗaukar kaya, da amosanin gwiwa da yagewar guringuntsin tsakiya. Mai shimfiɗa tayil, makanike, mai walda a Panteka da ke wuni a tsugunne, duk suna cikin wannan rukuni. Bambancin da ke tsakaninsu da mai atisaye shi ne hutu. Tsugunno 30 da aka yi cikin minti 10 sannan aka huta kwana biyu, ba ɗaya yake da awa 6 a durƙushe kwana 6 a mako ba. Irin waɗannan ma'aikata sun fi buƙatar ƙaramar kujera, abin tare gwiwa, da miƙewa duk bayan rabin awa, fiye da wata nasiha kan gudu.

Sai tsohon rauni. Gwiwar da jijiyar ɗaurinta ta taɓa tsinkewa, ko guringuntsin tsakiya ya yage, ta fi saurin kamuwa da amosani bayan shekaru, ko an yi tiyata ko ba a yi ba. Sai ƙiba. Wani bincike da Stephen Messier ya jagoranta a 2005 kan dattawa masu ƙiba da amosanin gwiwa ya gano cewa duk kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa wajen kilo 4 a kowane taku. Mai kilo 100 da ya sauko 95 ya rage wa gwiwarsa kilo 20 a taku, kuma taku dubbai ake yi a rana.

Tsallen kwaɗo kuwa, wanda aka ɗauko daga horon ladabtarwa aka mayar da shi atisaye, ba ya cikin abin da za a kare. Dirowa ce da ƙarfi a kan gwiwar da ta lanƙwashe ƙarshe, ana maimaitawa har tsoka ta gaji ta daina tare nauyin. Sa sabon shiga ya zagaye fili da shi rashin sanin aiki ne, ko da wa ya sa.

Gudu da kwalta

A tafiya, ƙarfin da ƙasa ke mayar wa ƙafa ya ɗan zarce nauyin jiki. A gudu yakan kai ninki 2 zuwa 3. Mai kilo 70 ke nan yana dira da abin da ya kai kilo 140 zuwa 210, kuma a sassarfa taku wajen 1,000 ne a kilomita guda. In aka tsaya a wannan lissafin sai a ce gudu hallaka ne.

Amma a 2017 Eduard Alentorn-Geli da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa da suka shafi mutane sama da 100,000. Sun samu amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don lafiya, kashi 10.2 na masu zama ba motsi, da kashi 13.3 na 'yan tseren gasa da suka shekara suna gudu mai yawan gaske. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa gudun ne ya kare su, domin mai gudu yawanci ba shi da ƙiba, kuma wanda gwiwa ta dame shi tun farko yakan daina. Duk da haka ya isa ya rushe zancen cewa sassarfar minti 30 sau uku a mako tana cinye lafiyayyar gwiwa.

Kwalta ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ƙafa tana daidaita taurinta da taurin ƙasa ba tare da mai ita ya sani ba. Abin da ya fi cutarwa a titunanmu shi ne gefen hanya mai gangara, inda ƙafa ɗaya kullum take ƙasa da ɗaya, sai ramuka da ababen hawa kafin gari ya waye. Mai bin titi ɗaya kullum ya riƙa sauya hanya, ko ya haɗa da fili.

Gyaran da ya fi saurin amfani ga mai jin ciwon gaban gwiwa shi ne gajarta taku. Mai miƙa ƙafa can gaba ya dira da dunduniya, gwiwa a miƙe, birki yake taka wa kansa a kowane taku. Binciken Bryan Heiderscheit na 2011 ya nuna ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da gwiwa ke sha. Yadda ake yi: ƙirga dirar ƙafar dama cikin daƙiƙa 30 ka ninka sau 4. In ka samu 156, ka nemi 164 zuwa 170 da gajerun taku. Takalmi kuwa, kambas ɗin da bai matse yatsu ba kuma ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba ya wadatar. Na gwanjo ba laifi, a dai ajiye shi a kan tebur a duba ta baya ko ya karkace.

Ainihin matsalar: sassan jiki ba sa sabawa lokaci guda

Ƙarfin da sabon shiga yake ji ya ƙaru a makonni 4 zuwa 6 na farko, mafi yawansa ba daga girman tsoka ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta koyi tayar da tsoka da kyau. Numfashi ma yakan gyaru cikin 'yan makonni. Amma jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, irin agara da ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, jininta kaɗan ne, sai ta ɗauki watanni kafin ta yi ƙwari. Ƙashi shi ma watanni yake ɗauka, kuma a farkon sabon aiki jiki yakan fara rushe tsohon ƙashi kafin ya cike gurbin da sabo, wato akwai ɗan lokacin da ƙashin ya fi rauni. Sai ya zama a mako na huɗu ko na biyar mutum yana jin zai iya ninka abin da yake yi, huhu da tsoka sun yarda, jijiya da ƙashi ba su shirya ba. A wannan taƙin ake samun mafi yawan ciwon ƙoƙon gwiwa, ciwon agara da ciwon ƙwauri.

Kaduna ta san wannan fiye da garuruwa da yawa, saboda makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da kuma Defot ɗin horar da kuratan sojoji na Zariya. Da an buɗe ɗaukar sababbin sojoji ko 'yan sanda, sai ka ga samarin da ba su yi gudu ba tun sakandare sun fito suna kilomita 8 ko 10 kullum, mako biyu kafin tantancewa. Da yawa ciwon ƙwauri ke kama su. In ciwon ya bazu a tsawon gefen ƙashin, kuma yana lafawa bayan jiki ya ɗumi, yawanci hutu da rage nisa sun isa. In kuwa ya taru wuri ɗaya da za a iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da gudu, tsalle da ƙafa ɗaya ya gagara, to ana zargin tsagewar ƙashi ta gajiya, wadda sau da yawa hoton farko ba ya nunawa. Abin takaici ne yaro ya rasa damar da ya shekara yana jira saboda shirin da ya kamata ya fara wata uku kafin lokaci ya matse shi cikin kwana 14.

Ga wanda bai saba ba, tsari mai aminci shi ne sassarfa minti 1, tafiya minti 2, a maimaita sau 8 zuwa 10, kwana uku a mako ba a jere ba. Duk mako a ƙara tsawon sassarfa a rage na tafiya, har a kai minti 30 ba tsayawa cikin makonni 8 zuwa 10. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko nisa, ko sauri, ko hawan tudu. Duk mako na huɗu a sassauta. Mai ƙiba sosai ya fara da tafiya mai sauri ko keke. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan na ƙarshen shi aka fi watsarwa, alhali ƙarfin cinya da mazaunai shi ne babban abin da ke kare gwiwa, kuma shi ne maganin farko da ake ba mai amosani kafin a yi zancen allura ko tiyata.

Yadda ake tsugunnon atisaye, da abin da ke ɓata shi

A fara ba ƙarfe. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, yatsu sun ɗan kalli waje. Nauyi a kan wurare uku na tafin ƙafa: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa. A ja numfashi a ɗaure ciki, a lanƙwasa ƙugu da gwiwa tare, a sauka cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, gwiwa tana bin inda yatsu suka kalla. A tsaya a zurfin da dunduniya ba ta ɗagu ba kuma ƙasan baya bai lanƙwashe ba. A taso ana fitar da numfashi. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi, domin riƙewar tana cilla jini sama na ɗan lokaci.

Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya fara da tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, sau 8 zuwa 12, zagaye 2 ko 3. In ya yi sauƙi a nemi kujera mafi gajarta. Bayan haka a rungumi nauyi a ƙirji. Lita 1 na ruwa kilo 1 ne, saboda haka jarka ma'auni ce da ba ta ƙarya: a fara da lita 5, a ƙara lita 1 ko 2 duk lokacin da aka iya 12 a duk zagaye uku, karo biyu a jere. Hutu tsakanin zagaye minti 1 zuwa 2, tsakanin ranaku kuma awa 48. Masu ƙarfen siminti su kai kowane gefe kan sikeli. Bambancin kilo 2 ko 3 tsakanin dama da hagu abu ne mai sauƙin faruwa a abin da aka zuba da hannu, kuma kwankwaso ne ke biyan bashin.

In dunduniya na ɗagawa, yawanci idon sawu ne ya ƙage. Gwaji: tsaya babban yatsa na nesa da bango da santimita 10, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da ɗaga dunduniya ba. In ya gagara, a riƙa miƙar da sha-raɓa kullum, a kuma sa katako mai kaurin santimita 2 a ƙarƙashin dunduniya kafin ta saki. In gwiwoyi na faɗawa ciki lokacin tasowa, ko nauyin ya yi yawa, ko tsokar gefen mazaunai ba ta da ƙarfi. A rage nauyi, a ƙara da hawa matakala da ƙafa ɗaya a hankali a gaban madubi. In mazaunai na riga ƙirji tashi, cinya ce ta gaza ta tura aikin ga baya, maganinsa rage ƙarfe. Ɗamarar fata da bandejin gwiwa ba sa gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙarar ƙas-ƙas da gwiwa ke yi, muddin ba zafi ba kumburi, ba alamar lalacewa ba ce.

'Yan ƙwallo

Raunin da ya fi kashe wa ɗan ƙwallo sana'a shi ne tsinkewar jijiyar ɗauri ta gaba, kuma mafi yawansa ba da karo yake faruwa ba. Ɗan wasa ne ke juyawa ko dirowa, ƙafa a kafe, gwiwa kusan a miƙe ta faɗa ciki. Mata sun fi maza fuskantarsa. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, mai ɗaukar minti 20 kuma ba ya buƙatar kayan aiki, an nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya bisa uku in ana yinsa aƙalla sau biyu a mako. Kyauta yake a intanet, kuma babu hujjar da kocin ƙungiyar unguwa zai kawo na rashin sanin sa.

Tsamin jiki, rauni, da lokacin zuwa asibiti

Tsamin da ke zuwa bayan sabon atisaye yana farawa washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya wuce. A naman tsoka ake jin sa, ƙafafu biyu daidai, kuma tafiya a hankali na sassauta shi. Saukowa a hankali da nauyi, da gudu a gangara, su suka fi kawo shi. Ba shi ne ma'aunin ko atisaye ya yi amfani ba.

Ga ciwon gaɓa, likitocin gashin ƙashi suna amfani da awo daga 0 zuwa 10. Zafin da bai wuce 3 ba, bai sa ɗingishi ba, ya kuma koma yadda yake cikin awa 24, ana iya ci gaba da shi. In ya wuce haka, ko gwiwa ta kumbura washegari, a rage nauyi ko nisa da rabi, ba a daina gaba ɗaya ba. Shan maganin kashe zafi don a samu damar ci gaba kuskure ne babba: yana rufe alamar da jiki ke bayarwa, kuma irin su diclofenac da ibuprofen, in sun haɗu da ƙarancin ruwa a jiki, suna wahalar da ƙoda.

Akwai alamun da ba a jira da su. Jin ƙara a cikin gwiwa lokacin juyawa sannan ta kumbura cikin awa biyu. Gwiwar da ta ƙage ta ƙi miƙewa, ko take sulluɓewa da mutum. Kasa taka ƙafa taku huɗu. Kumburi mai zafi da ja haɗe da zazzaɓi. Waɗannan na asibiti ne, irin Barau Dikko ko na koyarwa da ke Shika kusa da Zariya, inda akwai likitocin ƙashi da na gashin ƙashi. Ja da murzar mai ɗori ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke, kuma ɗaure gwiwa makonni yana ƙagar da ita ya zubar da tsokar cinya.

Sai wanda ya fi gaggawa duka. In bayan atisaye mai tsanani cinya ta kumbura, ciwo ya wuce misali, fitsari kuma ya koma launin baƙin shayi, tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya shiga jini yana toshe ƙoda. An fi ganin haka ga sabon shiga da aka sa tsugunno ɗaruruwa rana ɗaya, ga mai atisaye a zafin Maris da Afrilu ba ruwa, da mai sa rigar leda don ya yi gumi, alhali gumi ruwa ne ba kitse ba. Masu jinin AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila, sun fi shiga haɗarin, don haka su riƙa ƙara aiki a hankali, su sha ruwa, su tsaya da zarar jiki ya yi nauyi. Mai azumi ya mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki. Wanda ya ga irin wannan fitsarin kuwa, ranar zai tafi asibiti a auna ƙodarsa a sa masa ruwa, ba washegari ba.